Yadda ake zaɓen kulan da wanke lagireton mota da kanka

Da zarar an shiga watan Maris zuwa Mayu, zafi ya kai digiri 40 ko ya haura a wurare irin su Sakkwato da Maiduguri, sai ka fara ganin motoci a gefen titi an ɗaga bonet tururi na tashi, mai mota na ƙwala wa yaro mai fiya wata kira. Galibinsu ba wani babban ciwo ne ya kayar da su ba, ruwan lagireto ne aka yi shekaru ba a waiwaye shi ba, kullum sai dai ƙari da ruwan rijiya ko na burtsatse har cikin ya cushe da tsatsa. Aiki ne da za ka iya yi da kanka a ƙofar gida, ba ya buƙatar wata gwaninta, abin da yake ci shi ne haƙuri don rabinsa zaman jiran inji ya huce ne. Ka ware masa ranar da ba ka da unguwa, ka fara da sassafe tun ba a tada motar ba.

Kayan da za ka tanada

Kulan, wato ruwan sanyaya inji da ake sayarwa a galan. Ƙananan motoci irin su Corolla da Civic da Golf suna shan tsakanin lita 5 zuwa 7, masu inji V6 sukan kai 9 ko sama da haka, irin su Sienna mai hita a baya ma ta fi. Za mu zo kan yadda ake zaɓensa.

Tataccen ruwa, wanda aka fi sani da ruwan batir, aƙalla lita 10. Amma dan Allah ka tambayi mai shago da kyau, don akwai ruwan batir na ƙari wanda ruwa ne zalla, akwai kuma asid ɗin da ake zuba wa sabon batir, wannan na biyun in ya shiga lagireto an gama da ita. In ba ka samu ba ko ya yi maka tsada, ka tara ruwan da ke ɗiga daga AC na gida a jarka mai tsabta ka tace da kyalle, shi ma ba shi da gishirin ƙasa. In shi ma babu, ruwan sama da aka tara a buɗaɗɗen fili cikin baho mai tsabta ya fi na rijiya nesa ba kusa ba.

Ruwan famfo jarka ɗaya ko biyu na wankin farko.

Baho ko daro mai faɗi wanda zai shiga ƙarƙashin mota, da tsohuwar jarka mai murfi ta zuba ruwan da ka fitar, da gorar ruwa wadda ka san litarta don awo.

Filaya, sukudireba mai baki ɗaya da mai kan sita, sifana 10 da 12, mazurari, tsummokara, tocila, safar hannu ta roba. In ba mazurari ka yanke gorar ruwa ka kifa bakinta.

Kilif na hos guda biyu ko uku na ko-ta-kwana, don tsofaffin sukan karye a hannu. Maganin wankin lagireto kwalba ɗaya, wannan sai in tsatsar ta yi yawa. Sabon murfin lagireto in naka robarsa ta tsattsage.

Me ya sa ba ruwa zalla ba

Za ka ji ana cewa ai kulan na ƙasashen ƙanƙara ne, mu nan me za mu yi da shi. Gaskiya ne hana daskarewa ba damuwarmu ba ce, amma wannan ɗaya ne kawai cikin ayyukansa. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100. In aka haɗa shi rabi da rabi da sinadarin kulan sai ya kai wajen 107 kafin ya tafasa, in kuma murfin lagireto na riƙe iska yadda ya kamata sai ya haura 120. Babban aikin ma shi ne hana tsatsa, don cikin inji akwai alminiyom da baƙin ƙarfe da sauransu duk ruwa ɗaya ke ratsa su da zafi, ba maganin tsatsa sai su yi ta cinyewa, famfon ruwa ya fara yoyo, fukafukansa su zaizaye, hanyoyin lagireto da ba su fi tsinken ashana faɗi ba su toshe ɗaya bayan ɗaya. Ruwan rijiya da na burtsatse kuma yana da nasa sharrin, leƙa cikin butar da ake dafa ruwan shayi da shi kullum ka ga farin ɓawon da ya daskare a gindinta, toh shi ne yake mannewa a cikin injinka yana hana zafi fita.

Kada kuma ka ce tunda haka ne bari in zuba mai kauri zalla ba ruwa. Ruwa ya fi shi iya ɗaukar zafi, zalla ɗin sai ya sa motar ta fi zafi. Rabi da rabi shi ne ma'auni, a ƙasarmu mai zafi ko kashi 40 cikin 100 ma ya yi, kada dai ya gaza kashi ɗaya cikin uku don maganin tsatsar zai yi rauni.

Zaɓen kulan

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne saye da kala. Mutum ya je shago ya ce a ba shi ja ko kore, shi ke nan. Kalar nan rini ce kawai kamfani ya zuba, kana iya samun galan biyu duk jajaye amma haɗin cikinsu ya sha bamban. Rubutun jikin galan za ka karanta, ka gwada da abin da littafin motarka ya ce. Na san yawancin motocinmu 'yan Kwatano ne ba su zo da littafi ba, toh ka duba jikin ɗan tankin roba na ajiyar ruwan lagireto ko ƙarƙashin bonet wani lokaci akwai rubutu, ko ka nemi littafin a intanet da sunan mota da shekararta.

Kusan dukkansu tushensu ɗaya ne, za ka ga an rubuta ethylene glycol, bambancin yana wajen maganin tsatsar da aka sa. Akwai tsohon yayi mai suna IAT, shi ne koren nan da aka saba, yana yi wa tsofaffin motoci masu lagireton tagulla irin su Peugeot 504 daidai, amma ƙarfinsa na ƙarewa da wuri, duk shekara 2 ake canza shi. Akwai OAT mai daɗewa, yakan kai shekara 5. Akwai HOAT wanda ya haɗa dabarun biyun. Kamfanonin Japan da Koriya sun fi son mai fosfet wanda ba silikat a ciki, na Turai kuma akasin haka, suna gudun fosfet saboda ruwan wurare da yawa a can mai gishirin ƙasa ne.

A taƙaice ga yadda yake ga motocin da suka fi yawa a wajenmu. Toyota tana da jan nan na da mai suna Long Life wanda ake sirkawa, da kuma mai ruwan hoda Super Long Life da ke zuwa a sirke, shi ne a yawancin motocinta tun daga tsakiyar shekarun 2000, kamfanin ya ce na farkon da mota ta fito da shi yana kai kilomita 160,000, daga nan kuma duk 80,000. Honda nata shuɗi ne, Type 2, shi ma a sirke yake. Volkswagen lamba take amfani da ita, G11 na tsofaffi, sai G12 da ƙannensa G12+ da G12++ da G13, kuma sau da yawa an rubuta lambar a jikin tankin Golf ko Sharan ɗin. Ba dole sai galan mai tambarin kamfanin motar ba, in ka samu na wani kamfani sananne da ya rubuta ƙarara cewa ya dace da irin motarka ya wadatar. Abin gudu shi ne gwamutsa iri biyu da ba ka san su ba, don ƙarfin maganin yana raguwa, wani lokaci har ya yi kauri ya zama laka. In ba ka san abin da ke cikin motar ba, wanda shi ne halin duk wanda ya sayi ta hannu, ka wanke tas ka fara sabo da iri ɗaya ka zauna a kansa.

Abu na biyu da za ka duba, mai kauri ne ko sirkakke. In an rubuta concentrate sai ka sirka, in an rubuta 50/50 ko ready to use kada ka ƙara masa ko ɗigon ruwa. Ni dai in zan yi wanki mai kauri nake nema, za ka ga dalili a mataki na 8.

Sai maganar jabu. Akwai galan da yawa a kasuwa da ba komai ciki sai ruwa da rini, araharsu kaɗai ta isa ta sa ka tsaya, ga shi ba adireshin kamfani ba bayanin abin da ke ciki. Ɗiga kaɗan a yatsa ka murza, na gaske yana da ɗan santsi, na bogi kuwa garau yake. Gwajin da ya fi tabbas shi ne na firiza, ka zuba kaɗan a ƙaramar gora, in mai kauri ne ka sirka shi rabi da rabi da ruwa tukun, ka rubuta GUBA a jiki, ka ɗaure a leda ka sa ya kwana a firizar da ke ƙanƙara sosai, ka kuma gaya wa mutanen gida. Mai rabi da rabi ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifili, firizar gida kuwa wajen 18 take tsayawa, saboda haka in ka tarar ya zama dutse toh an sayar maka da ruwa. In ya yi ɗan ƙanƙara-ƙanƙara sama-sama, mai raunin haɗi ne.

Mataki na 1: A tabbatar inji ya huce, a duba lafiyarsa

Faka a waje mai daidai, ja hambirki, sa dutse a taya. Taɓa babban hos na sama, in da ɗumi ko ya yi tauri ka jira. Murfin lagireto ba a buɗe shi da zafi ko da wasa, ruwan ciki ya wuce digiri 100 kuma a matse yake, kana murɗawa zai yi tsartuwa ya sale maka fuska da hannu. Ko da inji ya huce ka ɗora tsumma, ka murɗa rabi ka ji ko iska za ta fita, sannan ka ƙarasa. Motocin Turai da yawa ba su da murfi a kan lagireton, murfin yana kan tankin roba ne, shi ma dokar ɗaya ce.

Kafin ka zubar da komai leƙa ruwan da tocila. In ja ne na tsatsa ko ya yi duhu, wanki zai yi magani. Amma in ka ga mai na yawo a sama, ko ka buɗe murfin baƙin mai ka ga ya yi fari-fari ya yi kauri, ko salansa na fitar da farin hayaƙi ko bayan mota ta yi zafi, ko kumfa na ta ɓulɓulowa ba tsayawa in inji na aiki, tsaya nan, alamar gasket ɗin tof silinda ce ta ƙone, sabon kulan asara zai zama, wajen bakanike za ka nufa. Haka in motar otomatik ce ka ga ruwan ya koma kamar an dama madara a ciki, mai yiwuwa bututun sanyaya man giya da ke cikin lagireto ya fashe, wannan har giyar yake kashewa. Matsa hos ɗin duka da hannu, wanda ya kumbura ko ya yi laushi lugub ko ya bushe yana tsagewa ka canza shi yanzu tunda ruwan zai fita dama.

Mataki na 2: Zubar da tsohon ruwa

Murɗa hita zuwa ƙarshen zafi, don a wasu motocin sai an yi haka ruwan da ke cikin hitar yake zagayawa. Tura baho ƙasa. A gindin lagireto ta gefe ɗaya akwai ɗan fulogin roba mai kunnuwa biyu, da hannu ake kwance shi, a hankali, kada ka kama shi da filaya ka murɗe da ƙarfi don in ya karye a ciki ka ja wa kanka aikin kwana biyu. Wasu motocin sai ka kwance robar da ta rufe ƙasan inji kafin ka gan shi. In ya ƙi motsi ko babu shi sam, ka sassauta kilif ɗin babban hos na ƙasa ka zare hos ɗin, ka kauce don ruwan gaba ɗaya zai zubo. In hos ya manne ka riƙa juya shi hagu da dama, kada ka cusa sukudireba ka ɓanɓare, bakin lagireton roba ne yana tsagewa.

Da ya gama tsiyaya ka auna abin da ya fito da gorar nan ka rubuta. Mutane na tsallake wannan, alhali lissafin ƙarshe duk a kansa yake. Za ka ga bai wuce rabi ko kashi biyu cikin uku na abin da motar ke ɗauka ba, sauran yana maƙale a bulok, wato gangar jikin inji, da hita. Injinan Toyota da yawa suna da wani ɗan noti na zubar da ruwa a jikin bulok, in hannunka ya kai gare shi ka kwance, zai ƙara fitar da lita ɗaya ko fiye.

Mataki na 3: Wanke ɗan tankin roba

Zare shi in yana zaruwa, ka zuba ruwa da 'yan tsakuwa masu tsabta ka girgiza har lakar gindin ta saki, ka ɗauraye sosai kada ko ƙwaya ɗaya ta rage. Busa siririn tiyon da ya haɗa shi da lagireto ka tabbatar ba a toshe yake ba.

Mataki na 4: Ɗauraya da ruwa

Mayar da fulogi ko hos, cika da ruwan famfo, rufe murfi, tada mota ka bar ta a silo da hita a kunne AC a kashe. Jira har hos na sama ya yi zafi, alamar tamostat, wato ƙofar da ke tare ruwa sai inji ya yi zafi, ya buɗe ruwa ya fara zagaye inji da lagireto duka, a Toyota da yawa wajen digiri 82 yake fara buɗewa, sai ka ƙara mata minti 10. Idonka na kan allurar zafi. Kuma ka kula da hannun riga da babbar riga da carbi, fankar lantarki tana tashi da kanta ba sallama, wasu ma ko bayan an kashe mota.

Kashe, ka je ka yi wata sabgar minti 40 zuwa awa guda. Kada ka yi gaggawar zubarwa ka ɗura ruwan sanyi a inji mai zafi, da haka ake lanƙwasa tof silinda ko a tsaga shi. In ya huce ka zubar, ka duba kalar, ka maimaita. Motar da ake kula da ita zagaye biyu ya ishe ta, wadda ta shekara da shekaru tana shan ruwan rijiya takan ci huɗu ko biyar kafin ruwan ya fara fitowa garau.

Mataki na 5: In tsatsar ta ƙi fita

Nan ne maganin wanki yake shigowa. Zuba shi a zagaye na biyu, ka bi abin da aka rubuta a kwalbar game da minti nawa zai yi, kada ka ƙara don neman ya fi fita, bayansa kuma ɗauraya biyu ce mafi ƙaranci. Sai dai ka sani, a tsohon inji da tsatsa ta ci sosai wani lokaci dattin ne ya toshe ƙananan ramuka, yana wankuwa sai yoyo ya bayyana. Ramin dama yana nan, gara ka gan shi a gida da ka gan shi tsakanin Zariya da Funtuwa.

Omo da ake zubawa ba na goyon bayansa, kumfarsa ba ta ƙarewa, kuma kumfa iska ce, inda iska ta zauna ruwa ba ya taɓa ƙarfe. Sodar yin sabulu kuwa cinye alminiyom take yi ƙurmus. Haka ɗanyen ƙwai ko garin barkono da ake zubawa don tsayar da yoyo, zai iya kai ka gida, amma yadda ya toshe ramin haka yake toshe hanyoyin ruwa.

In kana da tiyo da famfo mai ɗan ƙarfi akwai wata hanya mai sauri. Inji a sanyaye, zare hos na sama da na ƙasa, ka cusa tiyo ta ƙasan lagireto ka naɗe da tsumma, ruwa ya bi ta baya ya fito ta sama yana turo dattin. Za ka iya yi wa bulok haka in ka cire tamostat na ɗan lokaci, amma ka mayar da shi yadda ka same shi, da sabuwar roba. In bayan duk wannan ka shafa jikin lagireto bayan an kashe mota ka ji wani ɓangare da zafi wani da sanyi, ta toshe ke nan, sai masu wankin lagireto sun buɗe kanta sun zurara kowace hanya, in kuma robar kan ta riga ta tsufa ta yi fari-fari canza ta ya fi.

Tunda an zo kan tamostat, in ka buɗe ka tarar babu shi, wani ya riga ya cire, ka sayi sabo ka sa. Al'adar nan ta cire shi a haɗa fanka dairek tana ɓoye ciwon ne kawai, inji sai ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, kwamfutar mota ta yi ta ƙara masa fetur, ga cin mai ga saurin tsufa, fankar ma ta mutu da wuri. Motar da lagiretonta ke da tsabta, murfi na riƙe iska, fanka na tashi a kan lokaci, ba ta buƙatar wannan ko a gosulo na tsakar rana.

Mataki na 6: Wanke ta waje

Ƙurar hunturu da ƙwari da ciyayi da guntayen leda suna cika tsakanin lagireto da kwandensar AC da ke gabanta. Watsa ruwa a hankali daga ɓangaren inji zuwa waje. Ka hana yaran wankin mota dosa mata injin feshi kusa-kusa, siraran ganyayyakin nan kwantawa suke yi iska ta daina ratsawa.

Mataki na 7: Ɗaurayar ƙarshe

Wannan zagayen da tataccen ruwa za ka yi shi, don duk abin da ka zuba yanzu wani kaso nasa zai zauna a ciki har shekaru. In kana da hali ka yi sau biyu. Zubar, ka ɗaure fulogi da hannu daidai, ka mayar da kowane kilif inda tsohon shatinsa yake.

Mataki na 8: Lissafi da zubawa

A nan ake yawan ɓata aikin. Mu ɗauka motarka lita 6 take sha, abin da ke fita in ka zubar kuma lita 3 da rabi ne, wato akwai ruwa zalla lita 2 da rabi a ciki. In ka cika da sirkakke 50/50, ainihin maganin da ya shiga bai kai lita 2 ba, haɗin ya faɗo ƙasa da kashi 30 cikin 100, ka kashe kuɗi amma ba ka samu abin da ka biya ba. Da mai kauri kuwa abin da sauƙi, ka fara zuba lita 3 zalla, wato rabin abin da motar ke ɗauka, sannan ka cike gurbin da tataccen ruwa, suna zagayawa za su gauraya da kansu. In sirkakke kaɗai ake samu na motarka, kamar ruwan hodan Toyota ko shuɗin Honda, toh dole ka fitar da ruwan bulok ta notinsa, ko ka cika ka tada mota ta zagaya ka zubar ka sake cikawa, ya fi cin kuɗi amma haɗin zai matso inda ake so.

Zuba a hankali, siriri, ba ɗurawa ba, kana yi kana matsa hos na ƙasa da na sama iska na fitowa.

Mataki na 9: Fitar da iska

In da hali gaban motar ya ɗan fi bayanta tudu, ko ka hau ɗan gangare ko ka ɗaga da jak. Wasu motocin, musamman Peugeot irin su 406 da wasu na Turai, suna da ƙananan notin fitar da iska a kan hos ɗin hita ko gidan tamostat, ka sassauta su tun kana zubawa, iska za ta yi ta fita da tsartuwa, da ruwa ya fara zuwa siriri ba yankewa sai ka ɗaure. In ka tsallake su a irin waɗannan motocin sai ta yi obahitin da sabon kulan a ciki.

Tada mota murfi a buɗe, mazurari a bakin, hita a ƙarshen zafi. Za ka ga kumfa na tasowa ɗaya-ɗaya, can in tamostat ya buɗe sai ruwan ya faɗa ƙasa lokaci guda, ka ƙara. Ɗan taka totur kaɗan ka riƙe daƙiƙa 20 ka saki, sau uku ko huɗu. Alamun an gama su ne kumfa ta tsaya, hita na busa iska mai zafi sosai, hos na sama da na ƙasa duk sun ɗau zafi, fanka ta tashi ta tsaya da kanta. In hita na busa sanyi akwai sauran iska, sai dai in dama an yanke hos ɗinta an zagaye, wanda ake yawan yi a nan. In ruwan ya fara kumbura zai malalo kafin ka gama, kashe motar ka jira ta huce ka ci gaba. Masu motoci irin su Prius su sani suna da layin ruwa na biyu na ɓangaren lantarki, wannan a bar wa wanda ya san shi.

Mataki na 10: Rufewa da gwaji

Duba lambar kan murfin, wato ta ƙarfin iskar da yake riƙewa, galibi 0.9 ko 1.1, in za ka canza ka sayi mai lamba ɗaya da wanda kamfani ya sa. Rufe har ya kai ƙarshe, cika tankin roba zuwa tsakanin layin ƙasa da na sama, kada ka cika shi fal don ruwa na kumbura in ya yi zafi. Ɗauraye duk inda ya zube a jikin inji da fenti. Zaga unguwa minti 15 da AC a kunne, dawo ka shimfiɗa kwali a ƙasa ka ga ko akwai ɗiga. Gobe da safe kafin a tada ta ka sake dubawa, raguwa kaɗan a kwana biyu ukun farko ba komai ba ne, ragowar iska ce ke fita, ka cike da irin haɗin da ka zuba. In ya wuce mako yana raguwa akwai yoyo, ka duba bakin hos da ƙasan famfon ruwa da kafet ɗin gaba ta gefen fasinja, busasshen kulan yana barin fari ko jan shati a inda yake fita. Rubuta kwanan wata da kilomita da sunan kulan ɗin a takarda ka manna a ƙarƙashin bonet, ka kuma gaya wa bakanikenka da direba da yaron da ke wanke motar cewa ba a ƙara mata ruwan famfo.

Mataki na 11: Tsohon ruwan

Guba ne, kuma yana da zaƙi, shi ya sa akuya da kaji da kyanwa suke sha in sun samu, kaɗan ya isa ya lalata ƙoda, yaro ƙarami kuma zai ga jan ya ɗauka zoɓo ne. Kada ka bar baho a buɗe ko na minti biyar, kada ka ajiye saura a gorar lemo, kada ka zubar a kwata ko kusa da rijiya. Ɗura a jarka ka rufe ka rubuta a jiki, ka kai gareji inda ake tara tsohon mai ka gaya musu ko mene ne don kada su haɗa. Inda ya zube a ƙasa ka zuba yashi ka kwashe. In wani ya sha, asibiti nan take da galan ɗin a hannu, kada a jira alama don da farko mutum kan zama kamar lafiyarsa ƙalau.

In kuma wata rana allura ta hau kana kan hanya, kashe AC, kunna hita zuwa ƙarshe ka sauke gilasai, samu waje ka faka ka kashe, ka ba ta aƙalla minti 30 kafin ka taɓa murfi. A irin wannan hali fiya wata ma ya yi, ka zuba a hankali ka ƙarasa gida, amma ka riƙe adadin ledar da ka zuba don in sun yi yawa haɗin ya tsinke, sai ka rage ruwan ka ƙara mai kauri bayan an gyara inda yake yoyon.